Akwatin Giya da Makomar Tsofaffin Motoci a Ƙetaren Gwari

MINNA — Tsadar motoci da ta kayayyakin gyaransu ta tilasta wa jama'a da dama a Jihar Neja, kamar takwarorinsu na sauran sassan Nijeriya, ci gaba da lallaɓa motocin da suka shekara 15 zuwa 25 suna aiki. A cikin dukkan sassan irin waɗannan motoci kuwa, in ban da injin kansa, babu wanda lalacewarsa ke saurin girke mota a gindin bishiya kamar akwatin giya, wanda makanikai ke kira giyabos.

Unguwar Ƙetaren Gwari, wadda sunanta ke tuna wa mai ji cewa Gwarawa ne mazauna Minna na asali, ita ce fitacciyar matattarar makanikai da masu sayar da kayan gyaran mota a babban birnin jihar. Nan ne ake jawo motar ma'aikacin gwamnati da ta ƙi shiga giyar baya, nan ne kuma direban haya mai jigila tsakanin Minna da Suleja, ko Bida, ko Kontagora, yake zuwa ya ji ko motarsa za ta koma bakin aiki ko kuwa lokacin sayar da ita ga masu yanka mota ya yi. Ga direban haya, wannan hukunci ya shafi abincin gidansa kai tsaye, domin kowace rana da mota ta yi a gareji rana ce da babu ko kwabo, alhali mai mota yana jiran kuɗin balas.

Yadda aka zo wannan matsayi yana da tarihi. A shekarar 1975 kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci, a wannan shekarar kuma kamfanin Volkswagen ya fara nasa a Legas. A wancan zamani ma'aikaci mai matsakaicin albashi yakan karɓi rancen mota ya sayi sabuwa fil, kuma darajar Naira ba ta gaza ta Dalar Amurka ba. Shirin gyaran tattalin arziki na SAP da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, wanda ɗan asalin Minna ne, ta ɓullo da shi a shekarar 1986 ya zo da karyewar darajar Naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, kasuwar motocin da aka riga aka yi amfani da su a Turai ta buɗe. Su ne aka sani da tokumbo, ko 'yan Beljiyam, ko 'yan Kwatano, gwargwadon tashar jirgin ruwan da suka baro ko wadda suka sauka. A tsakiyar shekarun 1990 farashin gwamnati na Dala guda ya tsaya a kan kimanin Naira 22. Bayan da gwamnatin tarayya ta saki kasuwar canji a watan Yunin 2023, Dala ta haura Naira 1,500 a farkon shekarar 2024. Tun kafin nan ma, an hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa daga watan Janairun 2017. Da yake kusan duk wani akwatin giya da ake sayarwa a kasuwa daga waje yake zuwa, farashinsa Dala yake bi.

Aikin akwatin giya shi ne daidaita tsakanin gudun inji da bukatar taya. Injin fetur ba ya bayar da cikakken ƙarfinsa sai yana juyawa da sauri, wato sau 2,000 zuwa 4,000 a minti guda, alhali tayar motar da ke tashi daga tsaye da kaya a bayanta tana bukatar juyi a hankali mai ƙarfin gaske. Giya ta ɗaya tana rage gudun inji kimanin ninki uku da rabi ko huɗu, ta mayar da abin da ta rage ya zama ƙarfin ja. Giya ta sama kuma tana barin taya ta yi gudu ba tare da inji ya yi ta kururuwa yana shan mai ba. Saboda haka duk ƙarfin da inji ya samar sai ya ratsa ta cikin wannan akwati kafin ya isa ƙasa, kuma duk wani lodin da ya wuce kima, a kan haƙoran giya da boris-boris ɗinta yake sauka.

Makanikan da suka koyi sana'a a shekarun 1970 da 1980 a kan giyar hannu suka buɗe ido, musamman ta Peugeot 504, wadda aka ci gaba da harhaɗawa a Kaduna har wajen shekarar 2006, bayan an daɗe da daina ƙera ta a Faransa. Akwatinta mai sauƙin fahimta ne: sandunan ƙarfe masu ɗauke da haƙora, da boris, da zobban tagulla masu daidaita gudun haƙora biyu kafin su haɗu, da cokulan da ke tura su idan direba ya motsa sandar giya. Ƙwararren bakanike yakan warware shi gaba ɗaya a kan buhu, ya wanke da fetur ko kananzir, ya canza abin da ya cinye, ya mayar a rana guda. Cututtukansa ma suna da murya. Ƙara mai kama da ta niƙa yayin shiga giya ta biyu ko ta uku alama ce ta cewa zoben tagulla ya sule. Kukan da ke ƙaruwa da gudun mota galibi na boris ne. Giyar da ke fita da kanta idan an ɗaga ƙafa daga totur kuwa tana nuna cinyewar haƙora ko cokali, ko da yake wani lokaci kujerar giya ce kawai ta tsage, akwatin yana girgiza yana fizge sandar.

Sai dai mafi yawan abin da masu mota ke kawowa da sunan matsalar giyar hannu, matsalar kuloci ce. Faifan kuloci abu ne da aka yi shi domin ya cinye, kamar takalmin birki. Idan direba ya taka totur a kan hawa, inji ya ɗaga murya amma mota ba ta ƙara gudu ba, ga kuma wari kamar na ƙonewar fata, to faifan ya ƙare. Idan kuma giya ta ƙi shiga alhali inji yana aiki, amma tana shiga lafiya idan an kashe shi, to kulocin ne ba ya saki, kuma sau da yawa laifin na kulocin sama ne ko na ƙasa, wato famfunan nan biyu masu aiki da man birki, waɗanda robarsu ke yoyo. Wannan gyara ne na kuɗi kaɗan da ba ya bukatar sauke akwati. Direbobin haya su suka fi cin faifai, saboda ɗabi'ar ɗora ƙafa a kan kuloci ana tafiya, da riƙe mota da rabin kuloci a cunkoson shataletalen Mobil ko na Kpakungu, da kuma tashi da giya ta biyu da mota cike da fasinja da buhunan doya. Idan har aka sauke akwati domin canza faifai, hikima ita ce a canza boris ɗin kuloci a duba marfin da ke matse faifan a lokaci guda, domin ladan saukewa da mayarwa shi ne rabin kuɗin aikin.

Ko a giyar hannu ma akwai kuskuren mai. Akwatin Peugeot 504 da na 505 man inji masana'anta ta tsara musu, yayin da aksul na baya ke shan man giya mai kauri. Wasu tsofaffin akwatuna kuma an tsara musu man giya mai lambar GL-4, kuma idan aka zuba musu mai lambar GL-5, wanda aka yi domin aksul, sinadaransa kan hana zobban tagulla kamawa yadda ya kamata, wani lokaci ma su ci su. Ganin cewa duk mai kauri mai wari man giya ne, shi ya kashe akwatuna da yawa.

Babban sauyin da ya sami sana'ar ya zo ne lokacin da motocin da aka yi amfani da su a Amurka suka fara rinjayar na Turai a kasuwa. Kamfanin General Motors ne ya fara sayar da giya mai sarrafa kanta da yawa tun a motocin Oldsmobile na shekarar 1940, kuma Amurkawa sun rungume ta har ta kai yawancin motocinsu ba su da kuloci. Saboda haka Toyota Camry da Corolla da Sienna, da Honda Accord, da suka cika titunan Minna, galibinsu otomatik ne. Wannan akwati wata halitta ce dabam. A maimakon faifan kuloci guda, akwai wani tulun ƙarfe cike da mai tsakanin inji da akwati, wanda makanikai ke kira kwambata, inda farfela ɗaya ke watsa mai yana juya ta biyu. A ciki akwai jerin siraran faifai masu yawa, waɗanda ake kira faiba, da matsin mai ke matsewa ko saki domin sauya giya. Akwai gidan bawul mai ƙananan hanyoyi kamar gidan tururuwa, da solanoid masu buɗe hanyoyin da umarnin kwamfutar mota. Famfon da ke samar da matsin kuwa inji ne ke juya shi.

A nan ne mai ya tashi daga matsayin abin shafe ƙarfe kawai. A giyar otomatik mai shi ne ke ɗaukar ƙarfin inji, shi ne ke matse faiba, shi ne ke kwashe zafi, kuma santsinsa an auna shi daidai da irin faiban da ke cikin kowane akwati. Shi ya sa kowace masana'anta ke da nata. General Motors na da Dexron tun shekarar 1967, Ford na da Mercon, Toyota na da T-IV ga tsofaffi da WS ga na baya-bayan nan, Honda na da Z1 wanda DW-1 ya gaje shi. Kasancewar yawancinsu ja ne ba ya nufin ɗaya suke, domin launin rini ne kawai da ake sawa don a bambanta su da man inji. Man da bai dace ba ba ya kashe akwati a ranar farko. Yakan fara da 'yar fizga yayin sauya giya, ko karkarwa a matsakaicin gudu, sai bayan watanni faiba su ƙone, a lokacin kuwa mai mota ya manta da ranar da aka zuba masa man. Galibi a jikin sandar awon mai, ko a littafin mota, an rubuta irin man da ake bukata. Matsalar jabun mai da ake ɗurawa a tsofaffin galan masu tambarin asali ita ma tana nan, duk da samamen da Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, SON, takan kai lokaci-lokaci, kuma arhar da ta wuce hankali ita ce alamarsa ta farko.

Abokin gaba na biyu shi ne zafi, kuma Minna ba ta rasa shi ba, musamman a watannin Maris da Afrilu lokacin da ma'aunin zafi kan doshi digiri 40. Man giyar otomatik an yi shi ne ya yi aiki a wajen digiri 80 zuwa 95. Ƙa'idar da injiniyoyi ke bi ita ce, duk ƙarin kimanin digiri 10 a kan haka yana ninka saurin lalacewar mai. Man da ya dahu yakan yi baƙi, ya yi warin ƙuna, ya bar dauɗa mai toshe hanyoyin gidan bawul, robobin ciki kuma su sandare su fara sakin matsi. Abin da masu mota da yawa ba su lura da shi ba shi ne cewa a yawancin motoci, man giya ta cikin lagireto yake bi ya huce. Motar da injinta ke yawan zafi, ko fankarta ta mutu, ko lagiretonta ya toshe da laka da tsatsa saboda ruwan rijiya da ake zuba masa, tana dafa akwatin giyarta ne a hankali. Haka nan idan aka canza lagireto da wanda ba shi da bututun sanyaya man giya, aka haɗe tiyo biyun kawai, an yanke wa akwatin hukunci ke nan. Idan kuma bututun ya huje a ciki, ruwa yakan gauraya da mai ya koma kamar kunun gyaɗa mai ja-ja, ruwan kuma yana ɓamɓare faiba daga jikin ƙarfensu. Irin wannan ɓarna takan faru kuma idan aka kutsa da mota cikin ambaliya a watan Agusta ko Satumba, ruwa ya shiga ta kafar numfashin akwati.

Hanyoyin jihar ma suna da nasu rabon. Hanyar Minna zuwa Suleja, mai tsawon kimanin kilomita 100, da ta Minna zuwa Bida, sun sha ɗaukar tankokin mai da tireloli masu ratsawa tsakanin kudu da arewa. Tafiyar hawainiya a bayan tirela, da tsayawa da tashi a wuraren da kwalta ta fashe, su ne yanayin da kwambata ke haifar da zafi mafi yawa, ga kuma ƙarancin iskar da ke ratsa lagireto. Rami ko tudun rage gudu da ya bugi kaskon man da ke ƙarƙashin akwati yana iya lotsa shi ya toshe bakin matacin mai, ko ya tsaga shi mai ya tsiyaye a hanya.

Duba man ba shi da wuya, amma yana da ƙa'ida, kuma ƙa'idar ta bambanta. A tsofaffin motocin Toyota ana awo ne bayan mota ta yi zafi, tana tsaye a shimfiɗaɗɗen wuri, inji yana aiki, sandar giya tana kan P. A tsofaffin motocin Honda kuwa sai an kashe inji a auna cikin minti guda ko ɗaya da rabi. Wanda ya yi wa ɗaya awon ɗaya zai cika mai fiye da kima ko ya bar shi ƙasa, kuma duka biyun illa ne, domin man da ya yi yawa kumfa yake yi, kumfa kuwa ba ta riƙe matsi. A ɗiga man a kan farar takarda: ja mai haske lafiya ne, ruwan ƙasa yana neman canji, baƙi mai warin ƙuna da ƙyalƙyalin garin ƙarfe yana nufin an makara. A yanayi irin na Nijeriya, wanda littattafan mota ke sanyawa a sahun aiki mai tsanani, canjin mai a kowace kilomita 40,000 zuwa 60,000 shi ne abin da ya dace, tare da wanke kasko da maganaɗisun da ke cikinsa da canza mataci inda ake iya cire shi.

A kan wannan batu na canjin mai akwai wata magana da ta yaɗu tsakanin masu mota, cewa ba a taɓa man giyar otomatik, wai da zarar an canza shi akwati zai mutu. Maganar tana da tushe, amma an juya ta. Akwatin da ya shekara goma ba a canza masa mai ba, faibansa sun riga sun cinye, kuma garinsu da ke yawo a cikin tsohon man shi ne ke ba su ɗan kamun da ya rage. Idan aka zuba sabon mai, musamman in an yi amfani da injin da ke tura shi da ƙarfi, sai sulɓin da ke ɓoye ya fito fili, a ɗora wa sabon man laifi. Ga akwatin da ba a san tarihinsa ba, hanyar da ta fi aminci ita ce a kwance noti a tsiyaye abin da ya fito, wanda bai wuce lita uku ko huɗu ba daga cikin kimanin bakwai ko takwas, tunda sauran yana cikin kwambata, a cika da sabo, a yi 'yan makonni ana tafiya, sannan a maimaita. Motar tokumbo da ta sauka yau ma tana bukatar wannan, domin lambar kilomita da ke jikin agogonta ba kullum take faɗin gaskiya ba.

Wasu halaye na tuƙi da aka gada daga zamanin giyar hannu suna cutar da otomatik. Tun bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, inda lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, direbobi da dama sun ƙara rungumar ɗabi'ar sa mota a firi, wasu har da kashe inji, a kan gangara. Ribar ba ta taka kara ta karya ba, domin motocin zamani da kansu suke yanke fetur idan an ɗaga ƙafa mota tana cikin giya. Kashe inji kuwa yana tsayar da famfon mai alhali haƙora suna juyawa, ban da haɗarin rasa ƙarfin birki da na sitiyari. Dalilin nan ne kuma ya sa jan motar otomatik da igiya tafiya mai nisa, tayoyinta masu ja suna ƙasa, kan mayar da ƙaramar matsala babba. Motar da ta mutu a Lambata ko Paiko gara a ɗauko ta a bayan babbar mota. Jefa giya daga gaba zuwa baya kafin mota ta tsaya cik, da barin nauyin mota a kan P a gangara ba tare da jan birkin hannu ba, su ma suna cikin jerin.

Idan akwati ya fara ciwo, tambayar farko ita ce ko ciwon na ƙarfe ne ko na wuta. Tun daga shekarar 1996 doka ta wajabta wa duk motar da za a sayar a Amurka ta kasance da soket na bai ɗaya da ake jona na'urar bincike, Turai kuma ta bi sahu ga motocin fetur a shekarar 2001. Lambobin da suka fara daga P0700 galibi na akwatin giya ne. Motar da ta maƙale a giya ta uku ta ƙi sauyawa, sau da yawa kwamfutarta ce ta kulle ta da gangan domin kare akwatin, saboda wata sensa ta mutu, ko waya ta tsinke, ko solanoid ya toshe. Akwatin AL4 da ke cikin Peugeot 406 da 307 ya yi suna a kan haka, kuma sauya solanoid biyu masu daidaita matsi tare da sabon mai yakan warkar da shi a lokuta da yawa. Sauke akwati sukutum kafin a jona na'ura asara ce da ake iya kauce wa da kuɗin da bai kai na cika tanki ba. Amma ita ma na'urar lamba kawai take bayarwa. Fassara lambar, da auna matsin mai, da gwajin hanya, aikin mai sani ne.

Wani ciwon kuma daga masana'anta yake. A shekarar 2004 kamfanin Honda ya yi kiranyen motoci sama da miliyan guda a Amurka, ciki har da Odyssey da Pilot da Accord mai silinda shida, saboda giya ta biyu ba ta samun isasshen mai tana zafi. Da yawa daga motocin wancan zamani sun ƙare a Afirka ta Yamma, kuma mai saye a Minna ba shi da tabbacin ko an yi wa tasa gyaran kafin ta hau jirgi.

Idan ta tabbata cewa cikin akwatin ya lalace, mai mota yana da zaɓi uku, kuma a nan ne lissafin kuɗi yake shigowa. Na farko, wanda ya fi yawa, shi ne sayen akwati ɗan Beljiyam. Irin waɗannan kaya suna shigowa ta Legas, su bi ta kasuwar Ladipo da ke Mushin, daga can su watsu zuwa Panteka a Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano, da Apo a Abuja, da shagunan Minna. Amfaninsa sauri ne, mota takan tashi cikin kwana ɗaya ko biyu. Illarsa ita ce ana sayen abin da ba a ga cikinsa ba, wanda shekarunsa ɗaya da wanda ya mutu, kuma wa'adin gwajin da mai sayarwa ke bayarwa bai cika wuce kwanaki ko 'yan makonni ba. Akwai kuma waɗanda aka ciro daga motocin cikin gida aka wanke su fes aka sa su a sahun na waje. Ban da haka, kama da wane ba ta wane. Camry mai silinda huɗu ta shekarun 2002 zuwa 2004 giya huɗu gare ta, daga 2005 kuma biyar, alhali jikin motar kusan iri ɗaya ne. Shi ya sa masu sana'ar ke ƙirga ƙafafun soket suna duba lambar da ke jikin akwati kafin ciniki. Kowane akwati aka saya, wajibi ne a wanke bututun lagireto kafin a ɗaura shi, in ba haka ba garin tsohon zai shiga sabon, a kuma tabbata kwambata ta zauna daram a kan famfo kafin a ɗaure noti, domin wadda ba ta zauna ba takan fasa famfon tun kafin a tayar da inji.

Zaɓi na biyu shi ne a buɗe akwatin a sabunta shi, a canza faiba da robobi da gaskit da mataci. A ƙasashen da motocin suka fito wannan sana'a ce mai zaman kanta. A Nijeriya ta daɗe tana baya, saboda a shekarun da Dala ke da sauƙi, ɗan Beljiyam ya fi arha da sauri, saboda haka yaran gareji da yawa suka ƙware a saukewa da ɗaurawa, ba su koyi abin da ke ciki ba. Tashin Dala ya fara sauya lissafin. Amma aikin ba ya yiwuwa a kan buhu a fili kamar na 504. Ƙwayar yashi guda tana iya maƙale bawul, kuma wanda ya san ƙurar hunturu a Minna ya san abin da hakan ke nufi. Yana bukatar rufaffen ɗaki, da teburi mai tsabta, da ma'aunin tazarar faiba, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, da littafin masana'anta. Wannan gurbi ne da ƙungiyar makanikai ta ƙasa, NATA, da Hukumar Tsarawa da Bunƙasa Ƙera Motoci ta Ƙasa, NADDC, wadda ke gudanar da horon makanikai, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a shekarar 1983, za su iya haɗa hannu su cike, kuma ribar za ta tsaya a cikin gari a maimakon ta bi jirgi.

Zaɓi na uku, wanda masu motocin haya suka fi so, shi ne a cire otomatik a mayar da mota giyar hannu. Yana yiwuwa a motocin da masana'anta ta ƙera iri biyu, kamar Peugeot 406 da Volkswagen Golf, amma ya ƙunshi sayen akwati da filawil da kuloci da fedoji da sandunan taya, da sasanta kwamfutar mota wadda za ta ci gaba da neman akwatin da babu shi.

Gaba kuma akwai wani sabon ƙalubale. Motocin da ke shigowa yanzu a matsayin tokumbo, irin su Nissan Altima daga samfurin 2007 da yawancin Toyota Corolla na Amurka daga samfurin 2014, suna ɗauke da akwatin CVT, wanda ba shi da matakan giya, sai bel na ƙarfe da ke gudu tsakanin kwarkwaro biyu masu buɗewa da tsukewa. Mansa dabam yake, kamar NS-2 da NS-3 na Nissan, kuma zuba masa man otomatik na gama-gari yana sa bel ɗin ya sulɓe ya karce kwarkwaron. Da yawa daga cikin sababbin akwatunan, har da AL4 na Peugeot, ba su da sandar awo ko kaɗan. Ana auna su ne ta wani noti da ke gefe ko ƙasan akwati, mota tana ɗage a daidaice, man kuma yana kan wani ƙayyadadden zafi da sai da na'ura ake karanta shi.